Dutse Mai Aman Wuta: Girmansa da Ƙanƙantar Mai Hawansa

Dutse mai aman wuta tsauni ne da ke gina kansa da kansa. Narkakken dutse kan taso daga cikin ƙasa, ya malalo, ya daskare, toka ta lulluɓe shi, wani aman ya zo ya hau kan na baya. Dubban shekaru ana haka, har tulin ya kere gajimare.

Ma'auni mafi kusa ga mazauna Ƙofar Ruwa a Kano shi ne dutsen Dala. Shi ba ya aman wuta. Dutse ne mai tama, wadda maƙeran farko na Kano suka riƙa narkawa. Ƙololuwarsa na kan mita 534 daga doron teku, amma akasarin wannan tsayi na tudun ƙasar Kano ne, shi ya sa matashi ke haye matakalarsa cikin 'yan mintuna.

Dutsen Kamaru kuwa, mai aman wuta da ke kusa da garin Buea, daga gaɓar teku ya miƙe har sama da mita 4,000. Sai an ɗora mutum fiye da 2,300, wannan a kan wancan, kafin a kamo tsayinsa. Mai hawa yakan fara da kurmi, ya ratsa filin ciyawa, ya ƙare a baƙin dutse da toka, inda sanyi ke ratsa ƙashi, numfashi kuma ya yi wuya saboda ƙarancin iska. Yawanci kwana biyu zuwa uku ake yi hawa da sauka, ko da yake gwanayen tseren hawan dutsen da aka soma a 1973 kan kammala cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka.

Abin da ido ke gani ma ba shi ne duka ba. Mauna Loa na tsibirin Hawai a Amurka mita 4,169 ne a bisa ruwa, amma daga gindinsa a ƙarƙashin teku ya kai kimanin mita 9,000.

Ɓarnar irin waɗannan duwatsu kan kai nesa. A 1999 aman Dutsen Kamaru ya gangaro har ya datse titin bakin teku a Bakingili. A 2002 na dutsen Nyiragongo ya ratsa birnin Goma a Kwango. Saboda haka ne masana ke kafa na'urorin auna girgizar ƙasa a jikin irin waɗannan duwatsu, domin a gargaɗi mahaya da mazauna gindinsu tun da wuri.