Injin da ke hutar da rabin silindoninsa: nawa yake rage shan isansi?

Cikin motocin hannu da ake shigowa da su Nijar daga Amurka da Turai, akwai waɗanda injinsu ke kashe wasu silindoni da kansa alhali mota tana tafiya. Da yawa daga masu saye ba su san da wannan ba, sai ranar da makanike ya buɗe injin.

Dalilin dabarar shi ne, babban inji mai silinda 6 ko 8 an ƙera shi ne don lokacin da ake buƙatar ƙarfi, kamar hawan tudu, ɗaukar kaya ko wuce babbar mota. Amma idan direba ya miƙe hanya da gudu ɗaya, ɗan ƙarfi kaɗan ya ishe shi. A lokacin ƙofar da iska ke shiga inji kusan a rufe take, sai piston ya riƙa wahalar zuƙo iska, kamar mai shan fura ta siririn tsinke. Wannan wahalar mai take ci a banza.

Da kwamfutar motar ta lura nauyin ya ragu, sai ta daina aika isansi ga wasu silindoni, ta kuma rufe supap ɗinsu na shiga da na fita. Piston yana ci gaba da hawa da sauka, amma iskar da ta maƙale a ciki tana mayar masa da mafi yawan ƙarfin da ya matse ta da shi. Sauran silindonin su ɗauki aikin, ƙofar iska ta ƙara buɗewa, asara ta ragu. Direba na taka totur, duka su dawo aiki kafin ƙiftawar ido.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin Cadillac ya fitar da injin V8-6-4 a 1981, sai dai kwamfutar wancan zamani ba ta da saurin da ake buƙata, matsaloli suka yi yawa, aka janye shi daga galibin motocin bayan shekara guda. A farkon shekarun 2000 ta dawo da ƙarfi: Honda ta kira nata VCM, Chrysler ta ce MDS, General Motors kuma AFM. A 2012 Volkswagen ta sa ta a ƙaramin injin 1.4 TSI mai silinda 4, inda na biyu da na uku ke hutawa. Kamfanin ya ƙiyasta ragin kusan lita 0,4 a kowane kilomita 100.

Wato ribar ba ta kai rabi ba, ko da an kashe rabin silindoni. Kuma ta dogara da hanya. Mai tafiya daga Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram a kan kwalta zai ga bambanci. Wanda yininsa ke ƙarewa cikin cunkoson kasuwa ko cikin rairayi, da wuya injin ya sami damar hutawa.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne baƙin mai. A motocin Honda, Chrysler da General Motors, matsin baƙin mai ne ke rufe supap ya kuma sake su. Idan mai ya yi datti ko ya fi kaurin da kamfani ya tsara, ƙananan sassan nan suna iya maƙalewa, gyaransu kuwa sai an buɗe inji. Da zafin bazara da ƙurar hunturu irin na nan, jinkirta juyen mai yana iya cinye duk abin da aka tara na isansi. Wasu injunan kuma sun yi suna wajen shan baƙin mai da ɓata buji. A 2013 Honda ta sasanta wata ƙarar da masu motocinta na V6 suka shigar a Amurka kan haka.

Ba kowace babbar mota ke da tsarin ba. Land Cruiser V8 da aka saba gani a titunan Yamai ba ta kashe silinda. An fi samunsa a Accord mai silinda 6, Odyssey, Pilot da Chevrolet Tahoe. Mai niyyar sayen ɗaya daga cikinsu ya tambayi irin injin, ya sa a duba buji, a haɗa motar da na'urar bincike, ya kuma tabbata akwai garejin da ya san wannan aiki a garinsu kafin ya biya kuɗi.