Aiki da Shaƙatawa a Tashar Jiragen Ruwa ta Ikko

Gabatarwa

Bahaushe ya san tashar jiragen ruwa ta Ikko tun kafin ya gan ta da idonsa, domin tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano cikin 1912, gyaɗarsa da audugarsa da ƙiragansa nan suke bi su ƙetare teku. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda ake zama a kan wannan ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda mutane iri uku, watau ma'aikatan manyan jirage, da masu yawon shaƙatawa, da masu kwale-kwale, suke tarayya a mashigi guda, da kuma wanda yakan kauce wa wani.

Asalin Tashar

Ikko tana zaune ne a inda wani babban tafki yake haɗuwa da Tekun Atalantika. A dā, tarin rairayi ya tare bakin mashigin, har manyan jirage ba su iya shiga. Dole akan sauke kaya a Forcados, sa'an nan ƙananan jirage su kawo su. Don magance wannan ne Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu, gabas da yamma da mashigin, suka kuma yashe tsakaninsu. Cikin 1914 babban jirgin wasiƙu ya shiga tashar a karo na farko, cikin 1926 kuma aka gama matsayar jirage ta Apapa.

Waɗannan katangu sun sāke fasalin gaɓar baki ɗaya. Igiyar ruwa tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Da katanga ta tare shi, sai ya taru a yamma, teku kuwa ta dinga cin gaɓar Bar Beach da ke gabas. A inuwar katangun yamma aka sami wani lungu mai kwantaccen ruwa, shi ne Tarkwa Bay. Ashe ke nan aikin da ya buɗe wa jiragen kaya hanya shi ne ya samar wa masu hutu wurin wanka.

Ma'aikatan Tasha

Babban jirgi ba ya shiga tasha gaba-gaɗi. Sai ya tsaya a waje, jagora wanda ya san zurfin mashigin ya hau ya nuna hanya, wasu ƙananan jirage masu ƙarfin inji kuma su ja shi, su tura shi, har ya jingina da matsaya. Daga nan aiki ya koma hannun masu injin ɗaga kaya, da leburori, da ma'aikatan kwastan, da dillalan fid da kaya, da direbobin manyan motoci, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne.

Kowace kwana da jirgi ya yi yana jira, kuɗi ne. An ga haka ƙarara cikin 1975, sa'ad da gwamnati ta yi odar siminti fiye da ƙarfin tashar, har jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyan su diyyar jira. Wannan cunkoso ne ya gaggauta gina tashar Tin Can Island, wadda aka buɗe cikin 1977. Cikin 2006 an danƙa wa kamfanoni aikin lodi da sauke kaya, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya kuwa ta riƙe mallakar tasha da kula da mashigi.

Masu Shaƙatawa da Masu Kwale-kwale

A wannan ruwa dai ake wasa. Cikin 1932 aka kafa Lagos Yacht Club, ƙungiyar masu jiragen da iska ke turawa, waɗanda sukan yi tsere a ƙarshen mako. Akwai kuma masu ƙananan jiragen inji da ke zuwa Tarkwa Bay, wurin da ba a isa gare shi sai ta ruwa. Turawa ne suka fara wannan wasa, har yanzu kuwa na masu hali ne, saboda tsadar jirgi da kuɗin ƙungiya.

Kashi na uku su ne waɗanda ruwan ya zame musu gona da kasuwa: masuntan Makoko, da masu nutso su ɗebo yashi, da 'yan fito masu ɗaukar fasinja. Kakanninsu sun riga tasha zama a nan.

Wa Ke Kauce wa Wa?

Dokar duniya ta 1972 ta hana karo a teku ta tanadi cewa, a sararin teku, jirgin inji ne yake ba jirgin iska hanya. Amma a ƙunƙuntaccen mashigi, jirgin iska, da duk jirgin da bai kai mita 20 ba, ba su da ikon tare wa babba hanya. Dalili a fili yake: jirgi mai cike da kwantena ba ya tsayawa nan take, in kuwa ya bar tsakiyar mashigi zai kafe a rairayi.

Wannan doka daidai take, sai dai nauyinta bai zama ɗaya a kan kowa ba. Mai shaƙatawa yana iya jira, ko ya fasa fita. Masunci kuwa abincin iyalinsa yake nema, ga shi igiyar da jirgi mai gudu ya tayar ta isa ta kifar da kwale-kwalensa. Haka abin yake a tudu: cikin Janairu 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna Tarkwa Bay, bisa zargin fasa bututun mai a yankin.

Kammalawa

Mun ga yadda katangun duwatsu suka haifi tasha da wurin hutu tare, da yadda girman jirgi yake tsara zama a kan ruwa. Jirgin kaya yana da hukuma, mai shaƙatawa yana da ƙungiya, mai kwale-kwale kuwa, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, shi ne mafi ƙarancin mai tsaya masa. Duk wani shiri na kyautata tashar ya kamata ya sa shi cikin lissafi.