Lafiyar Haƙori da Girman Tumbi

A wurin mutane da yawa tumbi alamar wadata ce. Likitoci kuwa tsoronsa suke yi, domin kitsen da yake taruwa kewaye da hanji da hanta yakan jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Wani lokaci kuma tushen abin yana cikin baki.

Baligi yana da haƙora 32, kuma 12 daga ciki turame ne, watau na can ciki masu niƙa abinci. Idan turame suka ruɓe ko suka zube, ko dasashi ya kumbura, tauna takan zama azaba. Sai mutum ya bar nama da gyaɗa da karas da goba, ya koma wa burodi da shayi mai suga, da kunu, da tuwo mai laushi wanda ake haɗiya ba tauna. Irin wannan abinci yana da saurin shiga, alhali kuwa ƙwaƙwalwa takan ɗauki wajen minti 20 kafin ta ji labarin ƙoshi. Kafin labarin ya iso mutum ya rigaya ya ci fiye da bukatarsa, rarar kuma ta zama kitse.

Binciken da aka yi a ƙasashe dabam dabam ya nuna tumbi ya fi yawa ga waɗanda ba su iya tauna sosai. Ba a ce kowane mai giɓi zai yi tumbi ba. Tsoho ma ramewa yakan yi. Sa'an nan ciwon suga shi kansa yana ɓata dasashi, don haka cutar biyu suna ciyar da juna.

Ƙasar Japan ta ɗauki al'amarin da muhimmanci. A 1989 ta soma gargaɗin jama'a cewa kowa ya yi ƙoƙari ya kai shekara 80 da haƙoransa 20.

Awon tumbi ba shi da wuya. A ɗauki tef irin na tela a zagaya ciki daidai cibiya. Idan na namiji ya kai santimita 94, ko na mace ya kai 80, lalle a ga likita. A riƙa wanke baki safe da dare da buroshi ko aswaki, a ci abinci a tsanake. Wanda haƙori yake yi wa ciwo ya je asibiti tun ana iya cike ramin, wanda turamensa suka zube kuwa ya tambayi likitan haƙori batun haƙoran roba.