Aikatau "Tuna" a Adabin Hausa

Aikatau "tuna" yana cikin kalmomin da ake furtawa kullum ba tare da an tsaya an dube su ba. Bisa rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960, yana aji na ɗaya, kuma daga saiwarsa aka sami "tuno" a aji na shida, da "tunatar" ko "tunasar" a aji na biyar, da sunan nan "tunani". Ma'anarsa biyu ce, wato dawo da abin da ya shige cikin zuciya, da kuma jujjuya al'amari a zuci har a gane shi.

Inda kalmar ta fi nauyi shi ne rubutattun waƙoƙin wa'azi, tun daga na masu jihadi a ƙarni na 19 har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi. A irin waɗannan waƙoƙi akan kawo ta da sigar umarni, a ce wa mai sauraro ya tuna mutuwa, da kwanciyar kabari, da hisabi, da siraɗi. To, ai babu ɗaya daga cikinsu da ya riga ya same shi. Ta yaya mutum zai tuna abin da bai auku ba tukuna? Amsar ita ce, mawaƙin yana ɗaukar cewa kowane Musulmi ya san waɗannan abubuwa tun yana makarantar allo, sha'anin duniya ne ya rufe masa su. Saboda haka kishiyar "tuna" a nan gafala ce. Shi kuma malamin aikinsa tunatarwa, daidai da abin da Larabci ke kira tazkira. Mai fassara da ya ɗauki ma'anar farko kaɗai zai ɓata baitin.

A waƙar baka fuskar kalmar baya take kallo. Hausawa na cewa tuna baya shi ne roƙo, kuma makaɗin fada kan tuna wa sarki iyaye da kakanni domin ya nuna masa abin da ake jira daga gare shi.

A zube kuwa, "sai ya tuna" yakan zama mahaɗar labari, inda tauraro ke sake shawara bayan wata tsohuwar magana ta faɗo masa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, kusan dukkansa a kan wannan aka gina shi, domin malamin yana zaune ne a Rauta yana ba almajiransa labarin rayuwarsa. A irin wannan wuri ne bambancin "tuna" da "tuno" yake fitowa. Wasalin -o yana jawo aiki zuwa wajen mai magana, don haka wanda ya tuna garinsu ya san da shi ne kawai, amma wanda ya tuno shi ya ɗauko shi daga nesa, galibi tare da bege.