Ƙarar Inji da Zafinsa a Tsofaffin Motoci: Yadda Ake Gane Su

Tsofaffin motoci suna nan da yawa a hanyoyin ƙasar nan, irin su Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna daga shekarar 1975. Da su magidanta masu yawa suke ciyar da iyalinsu. Inji kuwa ba safai yake lalacewa farat ɗaya ba, sai ya yi gargaɗi tukuna, ko da ƙara ko da zafi. Direban da ya san ma'anar gargaɗin yakan tsira da ƙaramin gyara, wanda ya yi kunnen ƙashi kuwa sai an sauke masa inji.

Ƙara iri biyu ce

Ta farko siririya ce, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Akan ji ta sa'ad da mota take hawan tudu da kaya, ko in an taka totur da ƙarfi alhali tana cikin babbar giya. Dalilinta shi ne wani ɓangare na fetur da iska yana fashewa da kansa cikin silinda, maimakon ya ƙone a hankali daga wutar fulogi. Abubuwan da suke kawo haka su ne fetur marar kyau ko wanda aka gauraya da kananzir, da dilkon da aka saita yana ba da wuta da wuri, da daskararren baƙin hayaƙi a kan fistin, da fulogin da bai dace da injin ba. In an sassauta totur ko an koma ƙaramar giya sai ƙarar ta ɗauke, to, ita ce. Ana iya lallaɓawa zuwa gareji, amma in aka bar ta ta daɗe takan karya zoben fistin ko ta huda fistin ɗin.

Ta biyu mai nauyi ce, daga ƙasan inji take fitowa kamar dukan guduma, tana ƙaruwa da gudun inji. Wannan alama ce cewa metal ɗin da ke riƙe da kiranshaf ya cinye, galibi saboda ƙarancin baƙin mai ko daɗewa ba a juye shi ba. Sau da yawa jar fitilar mai takan kama tare da ita. Wajibi ne a kashe mota nan take, a jawo ta. In aka ci gaba da tafiya ƙarfe zai ci ƙarfe har ya cije, abin da makanikai suke cewa inji ya buga.

Zafin inji

Lokacin da zafin yake tashi shi ne yake nuna inda ciwon yake. In allura tana hawa cikin cunkoson gari, ta sauka in an kama buɗaɗɗiyar hanya, a duba fanka da fanbel. In a doguwar tafiya take hawa, mai yiwuwa lagireto ya toshe, ko da tsatsa daga ciki ko da ƙurar hunturu daga waje, ko kuwa famfon ruwa ya gaji. In inji ya yi zafi bayan 'yan mintoci alhali lagireto yana da sanyi, tamostat ne ya ƙi buɗewa. Farin hayaƙi daga salansa, da kumfa cikin ruwa, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, duka suna nuna gasket ya ƙone.

Volkswagen Beetle ba ta da lagireto, iska ce take sanyaya injinta. In fanbel ɗinta ya tsinke, fankar ta tsaya ke nan, don haka tilas a tsaya nan da nan.

Ya kamata a sani cewa zafi da siririyar ƙara suna haifar da juna. Wanda ya ji ƙarar ya dubi allurar zafi.

In abin ya faru a hanya

Direba ya gangara gefe, ya kashe mota, ya ɗaga bonet, ya jira kamar minti 30. Kada ya buɗe murfin lagireto da zafinsa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin yana danne shi har ya haura haka bai tafasa ba; da an buɗe sai ya yi feshi ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya yi zafi, domin kan silinda yana iya tsagewa.

Ana jan hankalin masu motoci da su daina cire tamostat suna jefarwa. Cire shi yana ɓoye ciwo ne kawai, ya kuma ƙara shan mai; wanda ya lalace sai a sake sabo. A riƙa duba ruwa da baƙin mai da fanbel kowace safiya kafin a tayar da mota, musamman a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yakan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Rigakafi ya fi magani.