Daren Da Jita Ta Kwana A Gindin Dutsen Kagoro

Daga Wakilinmu na Arewa

Ran wata Asabar cikin watan Disamban da ya wuce na tashi daga Kaduna da hantsi, na bi ta Kachiya da Zonkwa, na sauka Kafanchan bayan azahar, daga nan na hau acaɓa zuwa Kagoro. Abin da ya kai ni shi ne wani wasa da matasan wata majami'a suka shirya, watau waƙoƙin bishara da irin kiɗan nan na jitar lantarki da ganguna masu ƙara wanda Turawa ke kira rok. Edita ya ce in je in gani, in kuma kawo hotuna.

Ga waɗanda suka daɗe a Kurmi har sun fara mance hanyar gida, Kagoro tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, a gindin wani babban dutse wanda ake hange tun daga nesa. Nan ne marigayi Malam Gwamna Awan ya yi sarauta daga 1945 har rasuwarsa cikin 2008, nan ne kuma ake bikin Afan ran 1 ga Janairu kowace shekara. Garin ba shi da girma, amma tsohon mazaunin mishan ne, kuma akwai makarantar koyon aikin fasto ta ECWA.

A filin wata makarantar firamare aka kafa dandali da katako, aka jera lasifikoki bisa tebura, aka ɗaura fitilu ja da shuɗi a jikin gora. Da na iso bakin ƙofa sai wasu samari uku masu bincike suka tare ni. Suka dubi hulata, suka dubi jakar kyamara, babbansu ya tambaye ni daga ina, wa kuma ya gayyace ni. Na nuna katin aiki. Bai gamsu ba sai da na buɗe kyamarar ya duba hotunan da ke ciki ɗaya ɗaya, har da na sunan ɗan ƙanena.

Raina ya ɗan sosu, ba na ɓoye muku. Amma wanda ya san yankin ba zai ga laifin yaron ba. A Kafanchan ɗin nan da na baro aka fara rikicin watan Maris na 1987 wanda ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Cikin 2011 bayan zaɓe an sake zubar da jini a Kafanchan da Zonkwa, Musulmi da Kirista duk sun binne nasu, kuma ƙauyukan da ke kewaye sun sha hare-haren dare a shekarun baya-bayan nan. Baƙo da kyamara a wurin da ɗaruruwan mutane za su taru da duhu, tilas a tambaye shi. Da ya gama ya miƙo mini kayana ya ce in yi haƙuri, aka ba ni kujera kusa da dattawa. Da magariba ta yi, shi ɗin dai ya kawo mini ruwa a buta, ya nuna mini wani aji mai shara inda na yi salla.

To, wannan kiɗa ba a Kagoro aka haife shi ba. Asalinsa Amurka ne. Cikin 1969 wani matashi mai dogon gashi, Larry Norman, ya fitar da faifai mai suna Upon This Rock, wanda ake lissafa shi cikin na farko da suka haɗa bishara da rok. Fastoci da yawa suka ce kiɗan shaiɗan ne an sa masa rigar coci. Duk da haka cikin 1972 aka yi babban taron matasa a Dallas, Billy Graham ya yi wa'azi, Larry Norman da Johnny Cash suka yi waƙa. Daga baya wani ɗan gari mai suna Bushnell a Jihar Ilinoi, mai mutane wajen 3,000, ya riƙa karɓar bikin Cornerstone kowace shekara daga 1991 zuwa 2012, baƙi su ninka 'yan gari sau da yawa. A nan gida kuwa, Panam Percy Paul na Jos yana cikin waɗanda suka saba wa majami'un Arewa da jita, sa'an nan matasa irin su Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka zo suna zuba waƙa da Hausa.

Gardamar da aka yi a Amurka ban yi zaton zan same ta zaune kusa da ni ba, sai ga ta cikin kwat da hular sanyi. Wani tsoho ne, dattijon ikkilisiya, tsohon malamin makaranta. Na gaishe shi na ce Baba ina gajiya, muka taɓa hira. Ya ce shi da Littafin Waƙoƙi ya tashi, inda kowa ke jin kowace kalma, kuma bai ga yadda za a yi sujada da abin da ke sa ƙirjin mutum rawa ba. Na tambaye shi me ya fito da shi cikin wannan hunturu. Ya nuna mai ganga da sandarsa, ya ce jikansa ne, ya ƙara da cewa gara ya gan shi nan da ya neme shi a mashaya.

Wajen ƙarfe takwas aka fara. Masu jita biyu, mai babbar jita mai gurnani ɗaya, mai ganguna, mai molon Turawa na lantarki, da wata yarinya siririya wadda in ka gan ta a hanya ba za ka ce tana da murya ba. Waƙoƙi uku na farko da Turanci aka yi su. Samari na gaba suna tsalle, ƙura ta tashi, amma iyaye mata na Zumuntar Mata, waɗanda suka zo da ankonsu suka cika benci huɗu, ko motsi ba su yi ba.

A nan ne aikina ya fara ba ni wuya. Wanda bai taɓa ɗaukar hoton makaɗa da dare ba ya ɗauka latsawa ce kawai. In ka kunna filasha cikin ƙurar hunturu, hasken yakan bugi ƙurar da ke gaban gilashi, hoton ya fito da fararen ɗigo kamar ana ruwan ƙanƙara. In ka kashe filasha, sai ka bar idon kyamara a buɗe ya daɗe kafin ya sami haske, ga shi mai jita ba ya tsayawa, hannunsa ya fito kamar hayaƙi. Jar fitila kuma takan shafe fuska, ba ido ba hanci. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in durƙusa gefen dandali in dafa gwiwar hannu bisa lasifika, in jira lokacin da mawaƙiya ta ja murya ta tsaya cak, sa'an nan in latsa. Lasifikar kuwa ta rama, don kwana biyu kunnena na hagu yana kuka. Na ɗauki hoto fiye da 300, waɗanda za su shiga jarida ba su kai goma ba.

Ana tsakiyar waƙa ta huɗu janareta ya yi tari ya mutu. Fitilu suka ɗauke, jitoci suka yi shiru, aka bar mai ganga shi kaɗai yana bugu. Na ji gabana ya faɗi, kuma ba ni kaɗai ba, domin a yankin nan duhu na farat ɗaya ba abin wasa ba ne. Wasu sun fara duban ƙofa.

Sai wata tsohuwa daga bencin Zumuntar Mata ta ɗaga wata waƙar coci da Hausa. Sauran suka amsa, aka jawo tulunan kiɗa daga ƙarƙashin benci, aka kaɗa caki, yara suka kunna fitilun wayoyinsu. Mai ganga ya sassauta hannu ya bi su. Kafin a gyara janareta, kusan minti ashirin, fili duka yana waƙa ɗaya. Da wuta ta dawo masu jita ba su koma kan tsarinsu ba, suka shiga waƙar iyayensu mata da dukan ƙarar da Allah ya hore musu, kuma daga nan har aka tashi Hausa aka yi ta yi.

Abin lura, a filin nan Bahaushen haihuwa bai fi a ƙirga da yatsu ba. Akwai mutanen Kagoro, da Bajju, da Atyap, da Jaba, da waɗansu 'yan Filato, kowa da harshen gidansu. Amma tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa cikin 1932, Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa a yawancin majami'un wannan yanki, har sunayen ƙungiyoyinsu. Ku da ke Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Fatakwal kun san wannan, tun da maigadin da ke zuwa sashen Hausa na cocinsu ran Lahadi da mai shayin da ke zuwa masallaci ran Juma'a, duk Aboki mutanen Kurmi ke kiransu.

Hoton da na fi so ba na masu jita ba ne. Cikin duhun nan na ɗauke shi da hasken wayoyi, ya ɗan yi dishi-dishi: dattijon nan mai kwat a tsaye, ya rataye sandarsa a hannu, bakinsa a buɗe yana waƙa, can bayansa jikansa ya ɗaga sandunan ganga. Na nuna masa, ya daɗe yana kallo, ya ce har yanzu ƙarar ta yi yawa, amma in wanke masa ɗaya.

An tashi kafin ƙarfe goma sha ɗaya, don masu komawa ƙauyuka su tafi cikin ayari. Saurayin da ya bincike ni a ƙofa shi ya goya ni a babur zuwa masauki a Kafanchan, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Sai dai ya yi ƙorafi ɗaya, wai cikin hotuna 300 babu nasa ko guda.