Sirrin fina-finan barkwanci na mawaƙan da ba su da kayan kiɗa

A shekarar 2012 ne aka fitar da fim ɗin Pitch Perfect a Amurka, wanda ke ba da labarin wasu ɗalibai mata a jami'a masu rera waƙa da baki kawai, ba ganga ba garaya.

An kashe kimanin dala miliyan 17 wajen shirya shi, ya kuma samo fiye da dala miliyan 100. Kashi na biyu da ya fito a 2015 ya ninka wannan adadi.

Labarin kansa ba sabon abu ba ne. An tara mutanen da halinsu bai zo ɗaya ba, ga mai girman kai, ga mai surutu, ga wadda da ƙyar ake jin muryarta, aka ce su shiga gasa.

Abin da ke riƙe irin wannan fim shi ne rashin kayan kiɗan. Makaɗi kan rufa wa mawaƙi asiri. Idan babu shi, duk wadda ta yi tuntuɓe kowa zai ji.

Don haka kunne ne ke fara kama saɓanin da ke tsakanin 'yan ƙungiyar, tun kafin wata ta buɗe baki da faɗa, kuma a nan dariyar take. Ranar da muryoyin suka daidaita kuwa, mai kallo ya san an shirya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A yankin Kura da Bunkure na jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ke ba manoma damar noman shinkafa da alkama da tumatir da rani, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san lugude.

Mata biyu ko uku ne a turmi guda, suna daka suna waƙa, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe. Wadda ta kuskure lokaci, taɓaryarta ce za ta yi karo da ta 'yar'uwarta.

Gaɗa ta fi wannan ma. Yarinya ce ke ba da waƙa, sauran su amsa da tafi, sannan ta faɗo da baya su tare ta. Idan 'yan amshi suka yi sakaci, ƙasa za ta sha. Ga kuma habaici ga kishiya da zambo ga saurayi marowaci, wato barkwancin ma yana cikin waƙar.

Hatta waƙar da ta fi tashe a Pitch Perfect, wadda Anna Kendrick ta rera tana buga kofi da tafi, ba za ta ba masu sauraron kiɗan ƙwarya na marigayiya Barmani Choge mamaki ba.

Sai dai masu shirya fina-finan Hausa wata hanya suka bi. Tun zamanin Sangaya a 1999, fiyano ce ke jan ragama. Mawaƙi ya rera a situdiyo, jarumi da jaruma su motsa baki, kamar dai a fina-finan Indiya. Waƙar tana da daɗi, amma ba ta da haɗari, domin babu wanda zai iya kuskurewa a gaban mai kallo.

Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya haɗa waƙa da ban dariya ƙwarai, kamar a Ibro Awilo, inda ya kwaikwayi Awilo Longomba na Kwango. Amma dariyar tasa daga kwaikwayon wani take fitowa, ba daga jama'ar da ke fafutikar haɗa murya ba.

Da wuya a ga fim ɗin Hausa da aka gina labarinsa kacokan a kan 'yan gaɗa. A halin da ake ciki kuma, injin casa ya karɓe yawancin aikin turmi a Kura, 'yan matan da a da ke cika dandali da farin wata kuma da dama sun koma kallon fim a waya.